Zangon karatu ɗaya a Jamus: shin zai ƙara mini shekara a jami'a?

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello, ina karatun kimiyya a harabar Samaru. An zaɓe ni cikin waɗanda za su yi zangon karatu ɗaya a wata jami'ar gwamnati a Jamus, a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus+ wanda Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyinsa. Zangon da aka ba ni shi ne na hunturu, wanda ake fara darussansa a tsakiyar Oktoba a gama a watan Fabrairu. Mahaifina ya amince, amma da sharaɗin kada tafiyar ta sa abokan karatuna su kammala digiri su bar ni a baya. Ina neman shawarar malamai da yayyen da suka taɓa yin irin wannan tafiya: shin abin da zan karanta a can zai shiga cikin sakamakona na nan, ko kuwa idan na dawo sai na sake zangon daga farko?

Malamin Kongo ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ina taya ki murna, kuma sharaɗin mahaifinki ya taɓo asalin maganar. Amsar tambayarki ba a Jamus take ba, tana kan teburin shugaban sashenku, kuma kafin ki hau jirgi ake neman ta.

A tsarin Erasmus+ akwai takardar yarjejeniyar karatu wadda ɓangarori uku ke sa wa hannu, wato ke da jami'ar da ta tura ki da jami'ar da za ta karɓe ki. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da za ki ɗauka a can, a gefe kuma a rubuta kwasa-kwasan gida da za su maye gurbinsu. Kada ki ɗauki wannan takarda a matsayin cika ƙa'ida kawai, domin ita ce za ta tsaya miki ranar da za a haɗa sakamako. Ki nemo cikakken bayanin kowane kwas daga jami'ar can, da batutuwan da ake koyarwa da awoyinsa, ki kai wa shugaban sashe da jami'in jarrabawa su kwatanta da namu layi bayan layi. Abin da suka amince da shi a rubuta shi, a buga hatimi, ki ajiye kwafi a wurinki, saboda shugabancin sashe na wa'adi ne, wanda ya yi miki alkawari da baki yana iya sauka kafin ki dawo, alhali sakamakonki sai ya bi ta hukumar sashe da ta tsangaya kafin ya isa majalisar jami'a.

Abu biyu ne suka fi kawo cikas. Na farko shi ne awo: Turawa suna ƙirga nauyin karatu da ma'aunin ECTS, inda shekara take da maki 60, zango ɗaya kuma 30, kuma lissafinsu ya haɗa har da lokacin da ɗalibi ke karatu shi kaɗai, mu kuwa yunit ɗinmu ya fi dogara ga awoyin zama a aji da ɗakin gwaje-gwaje. Na biyu shi ne sakamako: a Jamus 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen tsallakewa, 5.0 kuma faɗuwa ce, wato akasin ma'auninmu inda 5 take a sama. Idan ba a yi ittifaƙi tun farko kan yadda za a juya waɗannan lambobi ba, ƙoƙarinki yana iya bayyana a takarda kamar gazawa.

Sai kuma kalandar karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga kuma na 2020 kafin shi, kuma sun gusar da lokutan zanguna a jami'o'in gwamnati da yawa. Ki ɗora kalandar nan a kan ta can ki gani ko watanninki za su ci zango ɗaya ne ko za su gutsiri biyu. Ki kuma tambayi inda horon SIWES, wato na sanin makamar aiki a masana'antu, ya faɗo a tsarinku, domin shi da wuya a samu madadinsa a waje. Ki yi rajistarki ta gida a kan lokaci ko da ba kya ƙasar.

Yayar Tudun Wada ta amsa:

Ƙanwata, na yi irin wannan zango, kuma ina goyon bayan duk abin da Malam ya faɗa. Abin da zan ƙara shi ne harshe. Yawancin kwasa-kwasan digirin farko a jami'o'in gwamnatin Jamus da Jamusanci ake koyar da su, na Turanci sun fi yawa a matakin digiri na biyu, saboda haka ki tabbatar da harshen kowane kwas kafin a sa shi a yarjejeniya. A kwasa-kwasai da dama jarrabawa ɗaya ce tak a ƙarshe take ɗauke da makin duka, babu gwajin tsakiyar zango da zai tallafe ki, kuma sai kin yi wa jarrabawar rajista ta daban ta intanet cikin kwanakin da aka ƙayyade.

Zaman da ya wuce kwana 90 yana buƙatar bizar karatu, ba ta ziyara ba, don haka ki nemi ranar ganawa da zarar takardar gayyata ta iso, ki kuma tanadi shaidar tallafin da inshorar lafiya. Ba za ki biya kuɗin makaranta ba, amma akwai kuɗin hidimomin ɗalibai na kowane zango, sannan ki riƙe guzurin watan farko, domin hayar ɗaki da kuɗin ajiya da kayan sanyi ba sa jiran shigowar alawus.

A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, sai ki ga Azahar da La'asar da Magariba sun taru a cikin lokacin darasi, shi ya sa nake yawo da ƙaramar darduma a jaka tare da littattafai. Ki tafi da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, amma ki bar kilishi da man shanu a gida, domin dokarsu ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara. Naman halal kuwa yana samuwa a shagunan Turkawa da Larabawa.

Baban Sabon Gari ya amsa:

Ni uba ne, kuma ra'ayina ya ɗan bambanta. Idan sashe ya ƙi amincewa da kwasa-kwasan dole, ina ganin ya fi dacewa yarinyar nan ta haƙura, ta kammala digirinta da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, sannan ta nemi tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, ta je digiri na biyu, inda za ta zauna shekara ɗaya ko biyu maimakon 'yan watanni. Ƙarin shekara a jami'a nauyi ne a kan iyaye, ba a kan ɗaliba kaɗai ba. Idan kuwa an sa hannu a kan komai, to 'yata ki je, Allah Ya tsare hanya.

Ɗalibar Samaru ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya da Baba, Allah Ya saka da alheri. Na samo bayanin kwasa-kwasan na kai sashe, kuma an nuna mini cewa yawancinsu sun yi daidai da namu, in ban da wani kwas na dole mai aikin ɗakin gwaje-gwaje wanda ba shi da makamanci a can. Malam, shin ana iya ɗage shi zuwa aji huɗu ba tare da an lasafta mini shi a matsayin faɗuwa ba?

Malamin Kongo ya amsa:

A ƙa'ida, kwas ɗin da ba ki yi wa rajista ba ba faɗuwa ba ce, bashi ne da za ki biya daga baya. Sai dai ki duba abu biyu tare da jami'in jarrabawa: ko wannan kwas sharaɗi ne na wani kwas na aji huɗu, da kuma ko ƙara shi zai sa ki haura iyakar yunit ɗin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka a zango. Idan duka biyun babu matsala, ki rubuta takardar neman ɗagewa ta hannun shugaban sashe, ki karɓi amsarta a rubuce, sannan ki kai wa mahaifinki ya gani kafin ki biya kuɗin biza.