Layi biyu, injin Linux ɗaya: yaya zan raba hanya bisa adireshin da fakiti ya fito?

Injiniya_Samaru: Salamu alaikum. Shagon intanet ne a Samaru, layinsa biyu a jikin injin Linux ɗaya mai raba intanet (eth0, eth1 da eth2 sunayen katunan sadarwarsa ne): faiba a eth0, ƙofarta (gateway) 192.168.1.1, da modem na 4G a eth1, ƙofarsa 192.168.8.1. Kwamfutocin ofis suna 10.10.0.0/24, na kwastomomi 10.10.1.0/24, duka a kan eth2. So ake kwastomomi su bi 4G, ofis ya tsaya a faiba, amma kowa faiba yake bi. Yaya za a yi?

Malam_Kongo: Wa alaikumus salam. Teburin main, wato babban jerin hanyoyin injin, inda fakiti (ƙunshin bayanan da ake turawa) za shi kawai yake dubawa, ba ruwansa da inda ya fito. Sai ka buɗe tebur na biyu, ka kafa masa doka:

echo "100 kwastoma" >> /etc/iproute2/rt_tables
ip route add default via 192.168.8.1 dev eth1 table kwastoma
ip rule add from 10.10.1.0/24 table kwastoma priority 1000
iptables -t nat -A POSTROUTING -o eth1 -j MASQUERADE

Daga ƙaramar lamba ake fara bin dokoki, main kuma tana 32766, don haka taka ta 1000 za ta riga ta. In ka manta layin ƙarshe, mai sauya adireshin kwastoma zuwa na eth1, fakiti zai fita amma modem bai san 10.10.1.0 ba, amsa ba za ta dawo ba.

Hajiya_Sadarwa: Malam, da sauran aiki. Teburin nan hanya ɗaya tal ke cikinsa, ke nan kwastoman da ya tura aiki firintar ofis, modem za a miƙa wa fakitinsa, ya ɓata. Ƙara wannan:

ip route add 10.10.0.0/24 dev eth2 table kwastoma

Kafin ka taso kowa daga kujerarsa, gwada da ip route get 8.8.8.8 from 10.10.1.5 iif eth2. Ka ga eth1 a amsar, to ta zauna. Abin da injin da kansa ya tura kuwa, irin tambayar DNS (neman adireshin sunan shafi) da yake yi a madadin kwastomomi, faiba zai ci gaba da bi, domin adireshin da yake fita da shi ba ya cikin dokar.

Injiniya_Samaru: Ya yi aiki, na gode. Amma da aka ɗauke wuta injin ya sake tashi, komai ya goge.

Malam_Kongo: Haka yake, ip rule da ip route ba sa ajiye kansu. In Ubuntu ne, rubuta su a netplan, inda ake ajiye saitin sadarwa, hanyoyin ƙarƙashin routes, dokar ƙarƙashin routing-policy, duka da table: 100. Na iptables kuma iptables-persistent zai riƙe maka shi.