Masu tsohuwar a-kori-kura, me kuka gani a taku?

Mai Aya: Salamu alaikum 'yan uwa. Tawa ƙirar 1995 ce, mai shan gazuwal, da ita nake kwaso aya daga ƙauyukan Gazawa zuwa Maraɗi. Inji lafiya lau, ƙasan motar ne ke hana ni barci. Bututun man birki na baya ya ruɓe, na taka a kan hanyar Tasawa, ƙafa ta tafi har ƙasa. Allah ya tsare, ba kowa a gabana. Da giya na tsayar da ita. Akwai wanda ya gamu da haka?

Direban Dakoro: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa. Yawancin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano sun sha gishirin da Turawa ke zubawa kan titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa daga ciki take cin shasi, waje kuma an shafe da baƙin fenti. Tawa ta tsage dab da inda sifirin na baya ke kamawa, da buhunan wake a kai. A shiga ƙasa da guduma a ƙwanƙwasa. Inda ƙarfe ya mutu sautin kansa zai gaya maka.

Hajiya Mai Gyaɗa: Tamu zafi. Watan Afirilu lagireto ya toshe, yaron bai duba allurar zafin inji ba, kulas, wato kan inji, ta tsage.

Bakanike Tibiri: Hajiya, sannu. Ruwan rijiya zalla da ake ɗurawa shi ke toshe shi. Amma abin da ya fi damuna sitiyari. Rotil, wato gaɓar da ke haɗa sitiyari da taya, idan ya ci yashi, robarsa ta yage, sai ya fara wasa. Direba ya saba, yana cewa ai haka take. Ranar da ya fita, taya ta juya inda ta ga dama. Na ɗauko irin wannan a hanyar Madarunfa, mutane cike a baya ranar kasuwa, har yau abin na raina. Bel ɗin cikin inji kuma a dizal irin waɗannan kilomita 100,000 ake canza shi, in ya tsinke bawul ya tafi.

Mai Aya: Maigida, mitar tawa ta daɗe da tsayawa. Yaya zan san lokaci?

Bakanike Tibiri: Kawo ta Asabar mu buɗe murfin. In ba ka san wanda ya sa shi ba, a canza kawai, a rubuta ranar jikin murfin da fenti.