Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta: hankali ne ko son kai?

Mai Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar nan ta daɗe tana min tsaye a rai: "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." To shi ɗan'uwan fa? Ga ruwa a hannunka, yana ƙonewa, kai kana ta shafe naka gemun. Ni son kai nake gani a ciki.

Dattijo: Wa alaikumussalam. Yaro, ka ɗauki zancen a baibai. Ba a hana ka taimako ba, izina ake nuna maka. Dubi Blaise Compaoré, tsohon shugaban Burkina Faso. A gabansa Mamadou Tandja ya yi tazarce a Nijar a 2009, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Maƙwabci ne, katanga ɗaya. Duk da haka a 2014, bayan shekara 27 a kan mulki, ya nemi taɓa tsarin mulki don ya zarce. Jama'a suka cinna wa majalisar dokoki wuta, washegari ya sauka, ya tsere Kwaddibuwa. Wa ya ce masa ya je ya ceci Tandja? Nasa gemun kawai aka ce ya duba.

Ɗan Gwagwarmaya: Baba, da girmanka, amma ai matsalar ba rashin shafa ruwa ba ce. Kowane mai mulki yana shafawa, sai dai me ya ɗauka ruwa? Da shugaba Ben Ali ya gudu daga Tunisiya ranar 14 ga Janairun 2011, Mubarak, shugaban Masar, ya ga hayaƙin sarai. Ruwansa shi ne 'yan sanda da katse intanet. Ko wata guda bai cika ba ya sauka, 11 ga Fabrairu. Sarkin Maroko kuwa a watan Maris ya yi alkawarin gyara tsarin mulki, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Yuli, ga shi nan har yau. Ko gyaran ya kai ko bai kai ba, wannan wata muhawara ce.

Uwargida: Kun tafi siyasa kamar kullum. A zaman aure ma haka take. Wata ƙawata, da aka saki aminiyarta saboda saƙonnin waya, sai ta ce bari ta shafa wa nata ruwa. Mijin na shiga wanka ta ɗauke wayarsa ta hau bincike, ya fito ta tare shi da "wace ce wannan?" Mutumin da bai taɓa sa wa wayarsa makulli ba, yanzu har banɗaki yake shiga da ita. Fetur ta shafa.

Dattijo: Hajiya, ai ba ta tsaya ta tambayi abin da ya kunna wutar can gidan ba. Watakila binciken ne ma ya raba su.

Mai Tambaya: Na ji, Baba. Amma duk cikinku babu wanda ya koma kan mai ƙonewar. Kowa darasi yake ɗiba a jikinsa.

Uwargida: Ƙanena, kai ma ka cika naci. Hannu biyu Allah Ya ba ka.

Ɗan Gwagwarmaya: A'a Hajiya, yana da gaskiya. Karin maganar hannu ɗaya ta ambata, kuma ba wajen ɗan'uwan ya nufa ba.