Ƙanwata kurma ce kuma tana da juna biyu, ya za mu yi ranar haihuwa?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ba ta ji tun tana ƙarama, sanƙarau ne ya tafi da jinta. Yanzu cikinta ya tsufa, duk ranar awo ni ce bakinta, ni ce kunnenta. Ranar da uzuri ya hana ni raka ta, a benci ta wuni har azahar. An ta kiran sunanta ba ta sani ba. Da ta samu shiga, nas ɗin na sanye da takunkumi, ko leɓenta ba a gani. Ta dawo da jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini, ba ta san yadda ake sha ba. Abin da ke hana ni barci shi ne naƙuda, tunda ba sa barin 'yan uwa su shiga ɗakin haihuwa. Wa zai ce mata yi nishi, wa zai ce dakata? Akwai dokar da zan riƙe?

Abu Fatima: Wa alaikumus salam. Akwai, Hajiya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da mai matsalar ji ko furuci, kuma a layi a fara sallamar su. Wanda ya nuna wariya, tarar naira 100,000 ko wata shida a gidan yari, kamfani ko hukuma kuwa miliyan ɗaya. Har hukuma aka kafa musu a Abuja a 2020. Aiwatarwar ce da sauran tafiya. Ki rubuta wa shugaban asibitin takarda, a buga miki hatimi a kofinki. Maganar baka mantawa ake yi.

Malam Kurma: Ni kurma ne, bari in faɗi abin da masu ji ba sa lura. A ce an kawo tafinta bai wadatar ba. Wane yaren hannu take yi? Wanda ake koyarwa a makarantu irin su Tudun Maliki ta Kano tushensa na Amurka ne, wani malami kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya kawo shi Ibadan a 1960. Maganar hannu tamu ta gida da kasuwa daban ce, da kalmominta. Idan ba ta yi makaranta ba, tafintan boko zai yi ta juya hannu tana kallonsa kawai.

Na biyu, Yaya, kada ki ji haushi. Akwai abin da mace ba za ta faɗa gaban yayarta ba, ko ta wajen jikinta ko ta mijinta. Likita ya dubi ɗan rakiya ya ce "me ke damunsa?" alhali ga ni zaune, wannan ya fi allura zafi. Kin tambaye ta wa take so ya shiga da ita?

Sista Unguwarzoma: Gaskiya, abin da kuke gani a asibiti ba mugunta ba ce kullum, ma'aikata biyu ne kan mata cike da zaure. Kada ku zo ranar awo. Ku zo da yamma ku nemi shugabar ɗakin haihuwa, ta san fuskarta, ku tsayar da alamun nishi, dakatawa da juyawa. A rubuta "ba ta ji" da jan biro a bangon katinta, maganin kuma a zana mata rana da wata a jikin leda. Ki tabbatar ta gane waɗannan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Ko ɗaya ta gani, asibiti, ko tsakar dare ne.

Maman Ikram: Allah Ya saka muku da alheri. Malam, na tambaye ta daren jiya. Ashe ƙawarta take so, wata mai ji da suka taso tare wadda ta iya hannu. Sunanta zan sa a takardar, Litinin da la'asar za mu je mu uku.