Ayarinmu ya tsaya a bakin kogin Logon, ina neman shawarar madugai

Mai tambaya, daga Marwa:

Assalamu alaikum ’yan’uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙe ayari a wasan labari na rubutu. A rukuninmu na WhatsApp, wanda ya shirya tafiyar shi ne madugu. Shi ke faɗin inda ake da abin da ya auku, kowane ɗan ayari kuma ya rubuta abin da mutumin da yake riƙe da shi ya yi ko ya ce. Wannan karon ni aka ba maduganci. Na shirya ayarin fatake ɗauke da goro da turkuɗi, sun taso daga Dikwa za su Bagirmi, suka iso Kusiri a watan Afrilu na 1900, ana gab da karawar Rabe da Faransawa. Mu 11 ne.

Yanzu ayarin ya yi tsit. Na rubuta cewa masu kwale-kwale sun ƙi ɗaukarmu saboda jita-jitar yaƙi, mutum biyu kawai suka amsa. Wannan ya ce rezo, wato sabis na waya, ba kyau, wancan ya ce an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ɗalibai kuma jarrabawar bak ta kammala sakandare ta ƙarato.

Amma abin da ya fi damuna daban ne. Wanda ke riƙe da maharbi ya ba shi layar zana da maganin ƙarfe, ba abin da ke taɓa shi. Da na turo ’yan fashi, a saƙo ɗaya ya rubuta cewa ya kashe su duka, har ya ƙara da cewa ungozomar ayari ta suma don tsoro, shi ya ɗauke ta. ’Yar’uwar da ke riƙe da ungozomar ba ta ce ta suma ba, kuma tun ranar ba ta sake rubuta ko harafi ba. Mutumin nan abokin yayana ne, Yaya nake ce masa, da mu yake cin tuwo a gida. Ba zan iya gyara masa a gaban jama’a ba. Yaya zan yi in ceci tafiyar ba tare da na ɓata da kowa ba?

Wata mai riƙe ayari, daga Garwa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, ka kira ’yar’uwar nan yau, kira na murya, ba saƙo ba. Ka ce mata suman nan bai faru ba, an shafe shi daga labarin, kuma ita za ta rubuta abin da ungozomarta ta yi lokacin harin. Mace ta zauna ta gina mutum mai ƙarfin zuciya, wani ya zo a layi ɗaya ya mayar da ita abar ɗauka, dole ta yi shiru. Mu mata da yawa ta haka muke barin waɗannan rukunoni, ba ma yin faɗa, sai dai a neme mu a rasa.

Sannan 11 sun yi yawa ga madugu ɗaya. Huɗu ko biyar ya isa. Da yawa kowa yana jiran kowa.

Tsohon madugu, daga Njamena:

Malam, abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, bari in ɗora. Dokar da ke riƙe da wannan wasa ita ce kowa ya rubuta niyyar mutuminsa, kada ya rubuta sakamako, kuma kada ya taɓa mutumin wani. Maharbi zai ce: “Na durƙusa bayan gawo, na ɗana kibiya, na auna na gabansu.” Nan zai tsaya. Ko ta same shi ko ta kuskure, wannan ba a bakinsa yake ba.

To a bakin wa yake? In ka ce a bakinka, za a ce kana son kai. Shi ya sa muke jefa ƙwayar ludo. Tun wasan Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974 masu irin wannan wasa suke barin ƙwaya ta raba gardama, su har mai fuska 20 suke amfani da ita. Mu ƙwaya biyu masu fuska shida muke jefawa a haɗa. In ta ba da 10 zuwa 12, abin ya yiwu sarai. In 7 zuwa 9, ya yiwu amma da hasara: ka harbe ɗan fashin, sai dai jakin goro ya tsere. In 6 ko ƙasa, bai yiwu ba kuma wani abu ya ƙara lalacewa. Ka lissafa da kanka, hanyoyi 36 ne ƙwaya biyu za su iya faɗuwa. Shida kawai ke ba da nasara tsantsa, 15 nasara mai hasara, 15 faɗuwa. A tsakiyar nan labari yake daɗi, domin kowace nasara tana haifar da sabuwar matsala da wani ɗan ayari zai tashi ya magance. Jakin da ya tsere ya ba mai kula da dabbobi aiki, raunin da aka ji ya ba ungozoma aiki.

A Telegram in ka aika alamar ƙwaya ita kaɗai, tana juyawa ta tsaya a kan lamba, kowa yana gani, ba mai iya murɗa ta. In kuna son zama a WhatsApp, ka jefa ta gaske a kan tabarma ka ɗauki ɗan gajeren bidiyo.

Batun shiru kuma, mu nan mun sha shi. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 da aka toshe kafafen sada zumunta a Chadi, ba kowa ke iya leƙowa kullum ba, sai muka koyi wasa a hankali. Madugu ya yi rubutu sau ɗaya a rana a lokaci sananne, mu bayan isha’i ne. Kowa yana da awa 24. Wanda bai zo ba, mutuminsa “yana gadin kaya”, ba a kashe shi, ba a sa masa magana a baki, ayari ya wuce. Kuma a farkon kowane zango ka rubuta taƙaitawa ta layi uku ka maƙala ta a sama, don wanda ya dawo kada ya tarar da saƙo ɗari biyu ya karaya. Hira da gaisuwa da barkwanci a kai su wani rukunin daban.

Wani ɗan’uwa, daga Ngaundare:

Ni ban goyi bayan ƙwaya ba. A ayarinmu akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba ko da babu kuɗi a ciki, kuma ba a tilasta wa mutum a irin wannan. Abin da muke yi, kowa ana ba shi goro uku na labari a farkon tafiya. In kana son abu mai wuya ya yiwu tabbas, ka biya goro ɗaya. In ba ka biya ba, madugu ya yanke, kuma yakan yanke da hasara. Goro ba ya dawowa sai ka bar rauninka ya jawo maka matsala da kanka. Ka ba Yayan naka wannan tsarin, layar zanarsa ta ci goro duk lokacin da ya ɓace. Sau uku, ta ƙare.

Kuma ka duba abin da ka rubuta na ƙarshe. “Masu kwale-kwale sun ƙi” ƙofa ce a rufe, mutane ba su san ta inda za su kama ba. Ka ba su abin zaɓa. Wani tsoho Bakotoke, ɗan ƙabilar Kotoko, ya ce zai ƙetare da ku da dare amma rabin goronku yake so. Wani yaro ya ce ya san mashigi a kudu inda ruwa bai wuce ƙirji ba, kuma wannan ya dace da lokacin, don a Afrilu Logon ya janye sosai, sai wajen Satumba da Oktoba yake cika. Ko ku kwana a gari ku jira. Ka sa a jefa ƙuri’a da abin zaɓen da ke cikin WhatsApp, ko mai raunin rezo zai iya danna ɗaya.

Wani dattijo, daga Kusiri:

Yarona, kunyar da kake ji tarbiyya ce, kada ka yar da ita. Amma ba ta hana gyara. Kada ka rubuta masa a rukuni, kada ma ka rubuta masa a keɓe, rubutu ba ya ɗaukar ladabi yadda murya ke ɗauka. Ka same shi bayan la’asar ka ce: “Yaya, ayarin nan ya fi ƙarfina, ina son ka taimake ni.” Ka naɗa shi jagaba. A ayarin fatake na da, jagaba shi ke gaba yana duba hanya da zango, madugu yana baya. Ka ce aikinsa shi ne ya leƙo haɗari ya dawo ya faɗa, sannan ya kira wani da suna: maƙeri, me ka gani? Ungozoma, me za mu yi? Irin wannan mutum yawanci zumuɗi ne ya yi masa yawa, ba mugunta ba. Sabuwar dokar kuma ka sanar da ita ga kowa a matsayin dokar zango na gaba, ba tare da ambaton abin da ya wuce ba.

Tunda garinmu ka kawo su, ka riƙe tarihin da kyau. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi yaƙin, Rabe ya mutu, kwamandan Faransawa Lami shi ma ya mutu, da sunansa aka kira garin da ke tsallake Fort Lami har zuwa 1973 da ya koma Njamena. Fadlallah ɗan Rabe ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a Gujba a 1901. Waɗannan kada ka bar wani ɗan ayari ya canza su, kada maharbi ya wayi gari ya ce shi ya harbe Rabe. Abin da ke hannunsu shi ne ko goronsu zai kai kasuwa, ko za su tsaya su ɗauki masu rauni, ko za su rabu a hanya. Wannan ma ya ishi labari.

Wata sabuwa, daga Mora:

Don Allah ni ban taɓa shiga ba, karatu kawai nake yi. In ana son shiga ayari me ake kawowa?

Mai riƙe ayari, daga Garwa:

’Yar’uwa, layi biyar kawai ki aika wa madugu: sunan mutuminki, sana’arsa, abin da ya fito nema, abin da yake tsoro, da rauninsa guda. Mai sayar da fura da ke bin ayari don neman ɗanta da aka kama ta fi ’yar sarki mai tsafi amfani a labari, don kowa zai sami abin yi da ita. Ki karanta taƙaitawar zangon da ake ciki, ki bar madugu ya shigo da ke ta inda ya dace, kuma ki faɗi gaskiyar lokacin da kike da shi. In za ki ɓace, ki yi sallama.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri, na kira ta, ta ce za ta dawo. Saura rage mutane. Wa zan ce wa ya fita?

Tsohon madugu, daga Njamena:

Ba wanda za ka kora. Kogin zai raba maka su. Waɗanda suka zaɓi kwale-kwalen dare su zama ayari ɗaya a hannunka, masu bin mashigin kudu ka nemi wani ya riƙe su a rukuni na biyu, Hajiya ta Garwa ma in ta yarda. Ɗalibai su kwana a Kusiri da sauran kaya har su gama bak. Ku madugan biyu ku riƙa aika wa juna taƙaitawa duk Juma’a don kwanakin labarin su tafi daidai, ku kuma tsayar tun yanzu a wane zango za a sake haɗuwa a tsallake.