Sandar fatsa ɗaya don maski: wacce za ta ɗauki manyan koto?

Ɗan Yawuri: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya. Bana nake son shiga kamun maski, babban kifin nan mai haƙora na tafkunan Arewacin Amurka, gadan-gadan, a tafkin Minnetonka da ke kusa da ni a nan Miniyapolis, jihar Minesota, in hali ya yi kuma in leƙa tafkin Mille Lacs da kaka. Sandar da nake da ita ta ƙananan kifi ce, ƙafa 7, an rubuta a jikinta oza 1 ne iyakarta. Wani abokin aikina ya ba ni koton roba guda biyu, Magnum Bull Dawg, kowanne wajen oza 8, da wani mai faifan ƙarfe biyu da gashi, Double Cowgirl. Kuɗin sanda ɗaya tak gare ni, uwargida ta riga ta ja min kunne. Wacce zan saya da za ta jefa waɗannan duka, ba sai na tara sanduna ba?

Kawu na Duluth: Wa alaikumus salam ɗana. Nemi mai tsawon ƙafa 8 da rabi ko ƙafa 9, wadda aka rubuta XH a jikinta, wato mai ƙarfi sosai, nauyin kotonta kuma ya fara daga oza 3 ko 4 ya kai 10 ko 12. Da a ce za a kwashe min sanduna a bar min ɗaya, ita zan riƙe.

Tsawon nan ba don ado ba ne. Lokacin da muka fara, ƙafa 7 muke riƙewa muna ganin mun ƙure, yanzu kuwa da wuya ka ga mai jifa da ƙasa da 8. Nisan jifa ɗaya ne daga cikin dalilan, amma babban dalilin yana gefen jirgi. Maski yana da wata ɗabi'a: zai biyo koto tun daga nesa, hancinsa dab da wutsiyar koton, har gindin jirginka, bai ciza ba. Kana kallonsa yana kallonka. In ka ɗaga koton daga ruwa, shi ke nan, ya juya. Abin da ake yi shi ne ka tsoma bakin sanda cikin ruwa ka riƙa zana lamba 8 da koton, ba tsayawa. Kifi mai inci 45 ba ya iya yin kwana a matse, dole kwanarka ta yi faɗi, ka nutsa a miƙe, ka taso sama a kwana. Da gajeriyar sanda sai ka durƙusa kana miƙa hannu, bayanka ya ƙage kafin azahar. Da mai ƙafa 9 kana tsaye za ka yi.

Injiniya Windsor: Kawu, a gafarce ni, ni XXH zan ce masa, wadda ta fi XH ƙarfi. Mu nan tafkin St. Clair roba muke jifa tun safe har magariba, ruwan ba zurfi, matsakaicinsa wajen ƙafa 11, fili ne fetal sai ka rufe wuri mai yawa. Yau yana da mai oza 8, gobe zai ga Pounder, babban koton roba wanda ya kusa laba guda, ransa ya biya. Kowa haka ya fara. Gara ya sayi wadda ta kai oza 16 tun yanzu ya huta.

Kuma Ɗan Yawuri, ka lura da lambobin da ake rubutawa a jikin sanda: ba wata hukuma da ke tantance su, kowane kamfani da ma'auninsa. XH ɗin wani shi ne H ɗin wani, wato wadda ke ƙasa da XH a ƙarfi. Ni dokata, koton da na fi jifa ya faɗo tsakiyar lambar, ba ƙarshenta ba. Sandar da aka ce iyakarta oza 8 za ta jefa oza 8, amma za ka ji tana nishi.

Maman 'Yan Biyu: Injiniya, kai da kake da jirgi da sanduna jere a ciki, mantawa ka yi ɗaya ya ce? Ƙanena, kada ka biye masa. Maigidana yana da irin wannan XXH ɗin, na taɓa yini da ita a Green Bay ina jifan mai faifai. Taɓarya ce kawai aka sa wa zobba. Koto mai oza 3 ba ya iya lanƙwasa ta, don haka sandar ba ta taya ka jifa, kafaɗarka ce ke yin aikin duka. Da dare sai da aka shafa min man zafi.

Akwai abu na biyu. Zaren saƙa da muke amfani da shi ba ya miƙewa ko kaɗan. In kifi ya ciza a gefen jirgi, zare bai fi ƙafa biyu a waje ba, ya fara girgiza kai, sandar ce kaɗai za ta shanye wannan fizgar. In ba ta lanƙwasa, ƙugiya ta yage bakinsa ko ta fita. Ni ina bayan Kawu. Kuma ka duba bakin sandar, ya zama yana da ɗan laushi a kashi ɗaya cikin uku na sama, ƙasan kuma ya tsaya ƙyam.

Injiniya Windsor: Hajiya, ban musa ba, don mai faifai XXH ta yi tauri. Amma a Nuwamba in manyan matan kifin sun fito bin ƙananan kifi, babbar roba ake so.

Maman 'Yan Biyu: Nuwamba wata ɗaya ne. Daga Yuni zuwa Oktoba fa, ya zauna a gida?

Kawu na Duluth: Ku biyun kowa da gaskiyarsa, ruwanku ne ya bambanta. Shi yaron nan Minnetonka zai fi zuwa, gefen ciyawa da kan duwatsu, inda mai faifai da koton saman ruwa suke aiki duk lokacin zafi. Pounder kuwa in ya zama dole, XH mai kyau za ta jefa shi jefi-jefi, in ya iya jifan. Ba fizga ake yi ba. Ka saki zare kamar ƙafa 3 ko 4 koton yana reto, ka kai shi baya a hankali har ka ji nauyinsa ya ɗora a kan sandar, sannan ka turo shi gaba da jiki duka, hannun ƙasa yana jan gindin sanda zuwa cikinka. Lilo ne. Masu fizga su ke karya sanda, su kuma ke zuwa asibiti da ciwon gwiwar hannu.

Wani abin da ba a rubutawa a jikin sanda: Double Cowgirl ɗin nan ba shi da nauyi a iska, wajen oza 3 ne, amma faifansa biyun nan masu lamba 10 suna jan ruwa kamar me. Sanda mai laushi in kana naɗo shi za ta lanƙwashe tun kifi bai zo ba, in ya zo kuma ba sauran ƙarfin da za ka kafa ƙugiya da shi, bakin maski kuwa ƙashi ne. Shi ya sa ban ce ka sayi H ba, ko da yake lambarta ta isa nauyin koton.

Bakano a Toronto: Ni fa ina ta karatu ina mamaki. Duk wannan ɗawainiya, sanda, jirgi, lasisi, man zafi, kuma na ji an ce in an kama sai a ɗauki hoto a mayar da shi ruwa? To ina romon?

Ɗan Yawuri: Wallahi Yaya abin da mahaifina ya tambaye ni ke nan a waya. A Yawuri mutum ya kama giwan ruwa ya sake shi, sai a kai shi wajen malamai a yi masa addu'a.

Kawu na Duluth: Nan dokar ma ta ɗaure ka. A Minesota sai maski ya kai inci 54 kafin ka iya tafiya da shi, a yawancin ruwan Wiskonsin inci 40. Kifi ne mai jinkirin girma, kuma ba shi da yawa a tafki, shi ya sa Turawa ke masa kirari da kifin jifa dubu goma. Mai son romo ya kama kifin walayi, ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Direban Ditroit: Salam. Duk kun yi maganar ruwa, ba wanda ya yi maganar mota. Ɗan Yawuri, wace mota gare ka? Sanda mai ƙafa 9 wadda ba a raba ta ba ta shiga ƙaramar mota sai ta taɓa gilashin gaba, ga hawa bene, ga lif. Ni ta farko da na yi oda ta intanet, masu kawo kaya sun iso da kwalin a lanƙwashe, bakin sandar ya karye wajen zobe na uku. Wata guda muna musayar saƙo kafin a sauya min.

Tun daga nan na koma irin wadda gindinta ke haɗiye wani sashe, ka tura ta rage tsawo, ka ja ta fito. Okuma suna yi, Tackle Industries ma suna yi, kuma kuɗinsu bai kai na manyan ba. Mai ƙafa 9 takan dawo ƙasa da 8 in ka tura ta. Sai dai ka riƙa share mahaɗar daga yashi, kuma ka duba zobban sun miƙe layi ɗaya kafin ka fara jifa. Ban taɓa jin mahaɗar ta rage mata ƙarfi ba, tunda a wajen mariƙi take inda sandar ba ta lanƙwasa.

Ɗan Yawuri: Corolla ce Malam Direba. Wannan magana ko kusa ba ta zo min ba.

Maman 'Yan Biyu: In sunaye kake so, mu St. Croix muke riƙewa, kamfanin yana Park Falls a nan Wiskonsin. Mojo Musky ita ce ta masu farawa, Premier na sama da ita, Legend Tournament kuma ta masu aljihu. Bambancin da hannuna ya ji tsakaninsu rashin nauyi ne, ba ƙarfi ba. Kifin bai san kuɗin sanda ba, kafaɗarka ce ta sani. Chaos Tackle ma, masu yin koton Medussa, suna da sanda Assault Stick da mutane ke yabawa.

Ka kula da mariƙi. Don manyan koto ana son dogo, wajen inci 16 zuwa 18 daga injin naɗi zuwa gindi, don ka samu inda za ka ja da hannun ƙasa, ka kuma matse shi a hammata lokacin naɗi. Amma in kai gajere ne kamar ni, wanda ya yi tsawo da yawa sai ya riƙa kama rigar sanyi. Ni na fi son mariƙi cikakke mai kauri, wanda aka raba biyu yana cin haƙarƙari.

Injiniya Windsor: To na sallama, XH. Amma kada ya zuba kuɗinsa duka a sanda ya ɗora mata ƙaramin injin naɗi. Mai faifai biyu yana cinye haƙoran ƙaramin inji cikin shekara ɗaya. Ya nemi mai lamba 400, Shimano Tranx ko Daiwa Lexa, mai matsakaicin gudu da babban hannu. Zare na saƙa laba 80 ko 100. Ba don kifin ya kai wannan nauyi ba, wanda ya kafa tarihin Minesota a Mille Lacs a Nuwamban 2021 ma laba 55 da oza 14 ne. Dalilin shi ne ranar da zare ya cukurkuɗe a tsakiyar jifa, rabin laba na roba yana gudu ya tsaya cak. Siririn zare tsinkewa zai yi, ka tsaya kana kallon kotonka yana tafiya shi kaɗai. A gaba kuma waya ko kakkauran zaren roba na laba 130 saboda haƙora.

Kawu na Duluth: Abu ɗaya da wannan sanda ba za ta yi maka da daɗi ba shi ne koton katako irin Suick, wanda ake fizga ƙasa-ƙasa. Da ƙafa 9 bakin sanda zai riƙa dukan ruwa, musamman a jirgi mai gajeren gefe. Masu son sa ƙafa 7 da rabi suke riƙewa. Kai sai ka riƙa ja ta gefe, zai yi aiki daidai gwargwado.

Kuma tunda kana Miniyapolis, me ya kai ka oda? Thorne Bros na nan Blaine, arewa da ku kaɗan, shagon masu maski ne, har haɗa sanda suke yi da kansu. Ka tafi da injinka in ka saya, a ɗaura, ka riƙe ka ji ko kan sandar yana rinjayar hannunka. Wadda kai ya rinjaya, ko ba ta da nauyi a sikeli, za ta gajiyar da wuyan hannu.

Sannan ɗana, kafin jifan farko: babbar koma mai zurfi da kifin zai zauna cikin ruwa, doguwar filaya, da abin yanke ƙugiya. Na ga mutum da ƙugiya ɗaya a bakin maski, ɗaya a tafin hannunsa, kifin yana birgima. Da abin yankan aka raba su. In ruwa kuma ya kai digiri 80 a ma'aunin nan, wajen 27 a namu, a ƙarshen Yuli, ka ajiye sanda, wanda aka kama a wannan zafi sau da yawa ba ya rayuwa ko an sake shi.

Ɗan Yawuri: Allah ya saka da alheri, Kawu, Hajiya, Injiniya, Malam Direba. Ga abin da na rubuta: ƙafa 8 da rabi ko 9, XH, har oza 10 ko 12, mai shigewa in na samu saboda Corolla, inji 400, zare laba 80. Asabar zan je Blaine in riƙe su da hannuna. Matsalar yanzu, koma da filaya da inji ba sa cikin lissafin da na kai gida.

Maman 'Yan Biyu: Turo min lambar amaryar tamu ta bayan fage, ni zan yi mata bayani.

Kawu na Duluth: Ina da tsohuwar koma a gareji, ragarta lafiya lau, sandarta ce ta ɗan lanƙwashe. Asabar ta farko a Yuni ake buɗe kamun maski a Minesota, zan sauko Miniyapolis kafin nan, sai in taho maka da ita. Ka sabunta lasisinka, na bara ya ƙare tun ƙarshen Fabrairu.

Bakano a Toronto: In kun kama walayi bisa kuskure dai a tuna da ni.