Sati biyu a Manila: in sauka Makati ko Quiapo saboda abinci?

Abu Sumayya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An tura ni kwas na sati biyu a Makati, yankin Manila a ƙasar Filifin. Ko dai in kama otal kusa da wurin kwas, babu kicin, ko ɗaki mai rahusa a Quiapo inda aka ce Musulmi sun yi yawa, in riƙa zirga-zirga kullum. Peso 800, kuɗin ƙasar, na ware wa abinci a rana. Ina da olsa, yaji da tsami ba sa yi mini. Wanne ya fi?

Ɗalibin Likita: Wa alaikumus salam. Malam, duk inda ka sauka ka fara haddace waɗannan: baboy alade, manok kaza, baka naman shanu, isda kifi, hipon jatan lande. Lechon, sisig, liempo da crispy pata ba sa ɓoye kansu, alade ne tsantsa. Dinuguan kuwa da jini ake dafa shi. Inda ake faɗawa shi ne abincin da ido ke gani kamar babu nama. Taliyar pancit ana soya ta da ƙananan yankan alade. Waken monggo ana barbaɗa masa chicharon, wato soyayyar fatar alade. Lumpiang shanghai niƙaƙƙen alade ne a ciki. Adobo sau da yawa kaza da alade tukunya ɗaya suke. In ka ce "walang baboy", wato ban da alade, mai abincin da zuciya ɗaya za ta tsame yankan ta miƙo maka romon. Don haka tambayar ita ce da me aka dafa, ba me ke cikin kwano ba.

Maman Iman: Quiapo kawai, ɗan'uwa. Ka sauka daga jirgin ƙasa na LRT-1 a tashar Carriedo, ka taka zuwa titin Globo de Oro inda Masallacin Zinariya yake, wanda aka gina a 1976 don ziyarar Gaddafi, ziyarar da ba ta yiwu ba. Kewayensa duk gidajen abincin Musulmin Mindanao ne, 'yan kudancin ƙasar. Ka nemi pastil, shinkafa da sassaƙen kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, peso 25 ƙunshi ɗaya. Sai piaparan, kaza da kwakwa da kurkum, a haɗa maka da palapa, wani haɗin yaji nasu.

Alhaji Ɗan Kwari: Hajiya, 25 ɗin nan na wace shekara ne? Ƙasa da 50 ba ka samun wanda zai riƙe ciki, kuma namiji sai ya ci uku. Ni shawarata kifi. Ka je dampa, wato kasuwar kifi mai gidajen dahuwa a gefe, a titin Macapagal cikin Pasay, kusa da Makati, ka sayi kifinka da hannunka, a dafa maka. Ba maganar yanka, ba maganar alade.

Baban Walid: Alhaji, don Allah kada ka tura baƙo dampa shi kaɗai. Wani yaro ɗalibi sabon zuwa, kuɗin abincinsa na sati a dare ɗaya ya tafi a irin wurin nan. Ga yadda abin yake tafiya. Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho za su tare ka, su raka ka wurin mai kifin da suka shirya da shi. Jatan lande ana auna shi a leda da ruwa da ƙanƙara, kilo ɗaya in an tsiyaye bai kai ba. Ƙaguwa ana auna ta da igiyar da aka ɗaure ta. Daga nan sai kuɗin dahuwa, paluto suke ce masa, kuma a kan kilo ake lissafa shi, kowane irin girki da nasa. Ka raba kilo ɗaya gida biyu, wasu su caje ka sau biyu. Shinkafa daban, ruwa daban, sannan kashi 10 na hidima ya hau kai. Yaron nan bai tambayi komai ba, kunya ta hana shi. Kuma maganar "ba alade" ma a yi hattara: kaskon da aka soya liempo na teburin gefe shi ne naka, wasu miyar kuma da giyar girki ta 'yan Sin ake haɗa su. In dole sai ka je, a tsiyaye ruwa a gabanka kafin awo, a rubuta kuɗin dahuwa a takarda, ka ce gashi kake so a kan gawayi, inihaw, ba suya ba.

Alhaji Ɗan Kwari: Dahuwa 150 ce a kilo, ba wani tashin hankali.

Baban Walid: 300 zuwa sama, in da man shanu da tafarnuwa.

Ɗalibin Likita: Alhaji, da girmamawa, mai wucewa kwana uku ya sayi kaya ya tafi ba zai san farashi kamar mazauni ba.

Alhaji Ɗan Kwari: Yaro, mazaunin da indomi ke riƙe da shi a hostel ne zai koya mini ciniki?

Malam Na Zaure: Ku yi haƙuri. Mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne, kuma yankan Ahlul Kitabi ya halatta a nassi. Saɓanin malamai a kan yadda mayankar zamani ke aiki ne. Mai son fita daga shakka ya duba tambarin halal na IDCP, wata ƙungiyar Musulunci da ke tantance halal a ƙasar.

Maman Iman: Malam, matsalar ba wuƙar ba ce, tukunyar ce. Ba kamar Malesiya ba ce inda tambarin halal na hukumarsu JAKIM ke ko'ina.

Sarkin Zolaya: Ni fatawar balut nake jira. Ƙwan agwagwa da ɗan tsako a ciki har da baki da gashi. Ƙwai ne ko mushe? In ƙwai ne a kawo burodi.

Abu Sumayya: Na gode ƙwarai. Amma maganar olsa fa, da zirga-zirgar?

Ɗalibin Likita: Palapa da aka ce ka ci barkono ne da citta da wata irin albasa, ba naka ba ne. Sinigang da tsamiya ake yi, adobo da paksiw da kinilaw duk ruwan kal ne. Ka nemi tinola a gidan Musulmi, romon kaza da ɗanyar gwanda da ganyen malunggay, wato zogalenmu, ka ce a rage citta. Da safe lugaw, kunun shinkafa marar yaji, amma ka tabbatar ba a zuba chicharon ba. Hanya kuwa, jirgi daga Carriedo zuwa Gil Puyat, sannan mota zuwa cikin Makati. Safe da yamma layin shiga jirgin kansa aiki ne.

Alhaji Ɗan Kwari: Ya tafi da kilishi da dambun nama ya huta da wannan duka.

Baban Walid: A ƙwace a filin jirgi. Nama ba ya shiga ƙasar sai da takardar izini, dafaffe ko busasshe, kuma sun ƙara tsanani tun ɓullar zazzaɓin aladu a 2019. Garin kunu da kuka da kuɓewa busasshiya sun fi sauƙin wucewa, su ma a bayyana su.

Maman Iman: Abin haushin, tun daga filin jirgin gida jami'ai ke fara buɗe jakar. A ga daddawa a yatsina fuska, sai kuma a ce "Hajiya, me kika kawo mana?"

Sarkin Zolaya: Su dai ba sa tambayar ko akwai baboy a ciki.

Alhaji Ɗan Kwari: Wa ya san kilo nawa ake bari yanzu in ta Addis Ababa za a bi? An ce jaka biyu, wani ya ce ɗaya.